Farar giginyar Madagaska a gida biyar

18 Maris, 2023

To irin bishiyar da muke son gwada shukawa a gidajenmu biyar dai ya iso. Wani mai sayar da fulawa a bakin titi a Abuja ne ya tsinto min a gindin wata babbar bishiya a gidan da yake wa aikin lambu, sai da aka sha fama kafin transfa ta shiga saboda wannan masifar ƙarancin kuɗi da ake ciki ga netwok kullum a kwance, amma alhamdulillahi ya ba direba, na je tashar Unguwa Uku a nan Kano na karɓo. Su 'yan fulawa Bismak suke ce mata. Duk wanda ya saba ratsa Maitama ko Asokoro ya taɓa ganinta ko da bai san sunan ba, ita ce mai faffaɗan ganyen nan fari-fari, ba toka ba ba shuɗi ba, idan ta girma ganye ɗaya sai ya kusa mita 3 a faɗi. A guruf ɗin gidanmu na WhatsApp tuni an raɗa mata farar giginya.

Asalinta Madagaska ne, babban tsibirin nan da ke gabas da Mozambik. Jamusawa ne suka sa mata Bismarckia nobilis a 1881 don karrama Bismarck, mutumin da ya tara Turawa a Balin a 1884 aka zauna rabon Afirka, ita dai bishiya ba ruwanta da wannan. Abin da ya ja hankalina shi ne da mutum ya ji an ce tsibiri sai ya kawo kwakwa da bakin teku da ruwan sama kullum a ransa, alhali wannan ba daga gabashin tsibirin mai duhun daji ta fito ba, 'yar yamma ce da arewa maso yamma, wajajen Mahajanga, filin ciyawa ne da rani mai tsawo, daga Mayu har Oktoba ba ruwan kirki, kuma duk shekara ana cinna wa ciyawar wuta, sauran itatuwa su ƙone ita ta tsaya. Mutanen can da ganyenta suke rufin ɗaki da saƙar kwando. Sannan a wurin masana tsirrai dangi ɗaya suke da goruba da giginya, gorubar ma ta fi kusa da ita. Shi ya sa na ce a gwada, don ni a ganina Kano za ta fi yi mata daɗi a kan garuruwan da ake cewa sun fi mu ni'ima.

Yadda aka raba: ni a nan Kano, Yaya a Jos, Kawu a Fatakwal, taubashina ɗan Gwaggo a Maraɗi, sai Auta a Manchesta ta Ingila. Ita Auta ban aika mata ba, ba a wasa da shigar da iri ƙasar mutane, can ta yi oda a intanet.

'Ya'yan ba su kai goruba girma ba, ruwan ƙasa ne, da busasshen nama a jiki. Na jiƙa su a bokiti ina sauya ruwa kullum har ɓawon ya yi laushi, na kankare shi tas da wuƙa don shi ke jawo ruɓa da tururuwa. Ƙwallon ciki tauri gare shi, da layi-layi a jiki. Waɗanda suka taso saman ruwa kuma ba nauyi na ware su gefe.

Abu ɗaya na nanata wa kowa, ban da gajeriyar ledar fulawa. Duk wanda ya taɓa haƙar muruci ya san zancen, giginya ba daga kan ƙwallo take fid da ganye ba, sai ta fara tura jijiya can ƙasa ta yi nisa sannan ganye ya taso daga can. Ita ma wannan haka take. Ko bokitin fenti mai lita 20 a huhhuda gindinsa, ko kuma a binne kai tsaye inda ake so ta zauna har abada. Ni na yi duka biyun. Yashi kashi biyu, ƙasar lambu kashi ɗaya, ɗan taki wanda ya ruɓe sosai, a kwantar da ƙwallon a rufe shi sama-sama, shi ke nan.

29 Afrilu, 2023

An yi sallah lafiya. Zafi a Kano yana taɓa digiri 40, mu muna kuka iri yana murna. Na tona gefen wani bokiti da yatsa a hankali, ga farin abu mai kaurin fensir ya fito daga ƙwallon ya lanƙwasa ya nufi ƙasa. A sama kuwa ba komai, maman yara har tana tambayata ko ƙasa na koma yi wa ban ruwa. Na rufe shi yadda na same shi, ba a tona sau biyu.

Taubashi ya turo hoto, nasa ma sun motsa, da saƙon murya wai “wanga icce namu na, kai Bakano tsaya ga lissahin kuɗi ka bar muna noma.” Zan rama.

Jos shiru. Ban yi mamaki ba, iri ne mai son ƙasa ta yi ɗumi sama da digiri 30, Jos kuwa tana saman tudu kusan mita 1,200 ga ruwa ya riga ya sauka musu, da dare ƙasar sanyi ƙalau. Na ce wa Yaya ya naɗe bokitan da baƙar leda ya ɗora a kan siminti inda rana ke duka, kuma ya rage ba su ruwa. Na Kawu wasu sun yi fumfuna. Auta ta sa nata a leda mai zif da ɓawon kwakwa mai danshi ta ajiye kusa da tukunyar ɗumama gida, dabara ce mai kyau, amma na ce ta riƙa dubawa, da ta ga farin ya leƙo ta mayar cikin doguwar tukunya kafin ya nannaɗe a ledar.

11 Yuni, 2023

Ganyen farko ya ɓullo. Ba daga kan ƙwallon ya fito ba, gefe ya taso, tsinke ne mai tauri da tsini, ya ɗau kwanaki kafin ya buɗe ya zama dogon ganye guda mai ninki-ninki, wanda bai sani ba zai ce ɗan dabino ne. Launinsa toka-toka da ɗan ja a gindi. Idan ka shafa da yatsa wani farin gari na biyo hannunka, wurin ya koma kore. Kaki ne ganyen ke fitarwa, shi ke mayar da hasken rana ya kuma rage wa ganyen asarar ruwa, kuma inda aka goge ba ya saurin dawowa, don haka na kafa wa yara doka, a duba da ido ban da hannu.

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu kurar ruwa ta yi tsada, janareton bohol ɗin unguwa ma ba kullum ake tayarwa ba. Yanzu baho nake ajiyewa a wurin alwala, abin da ya taru shi ake kai musu da yamma, da ruwan wankin shinkafa. Na sabulu dai ba ya zuwa wurinsu.

20 Agusta, 2023

Damina ta zauna. Na ƙasa sun fi na bokiti kauri da ƙarfin ganye, a bayyane yake, ba sai an auna ba.

Jiya mun daɗe a waya da Kawu. Nasa da suka tsira sun yi ganye amma rawaya-rawaya, ya juya min kyamara na ga ruwa kwance a tsakar gida bokitan na tsaye a ciki. Ya ce “kai ɗan nan wace irin bishiya ka haɗa ni da ita da ba ta son ruwa, nan fa ko sanda ka soka sai ta yi ganye.” Na ce Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, ruwa tana so, kwanciyarsa ce ba ta so. Can Madagaska ma, inda ta fito, ruwan da ake yi ba kaɗan ba ne, ya fi na Kano nesa ba kusa ba, amma cikin 'yan watanni yake zubowa sannan ƙasa ta bushe ta sha iska rabin shekara. Fatakwal kuwa ruwan shekara ya haura milimita 2,000 kuma kusan ba ya yankewa, mu nan Kano tsakanin 800 ne da 900 galibi daga Yuni zuwa Satumba. Saiwar da ba ta samun iska ruɓewa take yi. Mun tsaya a kan zai tara yashi da tsakuwa ya yi tudu mai tsayi kamar zuwa gwiwa, a kai za a dasa, ruwa ya riƙa gangarewa. Shi da ke harkar doya ba sai an koya masa tara ƙasa ba.

Na Yaya sun fito a watan jiya, a makare amma sun fito. Maraɗi kuma tun juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe boda, ga wuta ba ta samuwa a can, wayar taubashi rabi a kashe. Da na same shi ya ce lafiya lau, ya yi musu shinge da ƙayar aduwa.

7 Janairu, 2024

Wannan ne hunturunsu na farko, kuma shi nake jira tun farko don a nan ne bambancin garuruwan zai fito.

Kano: hazo, ƙura, iska busasshiya, leɓe na tsagewa. Mangwaron da na dasa tare da su duk bakin ganyensa ya ƙone, gwanda ta zube, ita kuwa farar giginya iyaka ɗan tsinin tsohon ganye ne ya bushe. Girma dai ya tsaya, tsinken tsakiya da na sa wa alama da biro bai motsa sosai ba tun tsakiyar Disamba. Wannan dabarar ta biro ita na koya wa kowa a guruf, ka ja layi ɗaya ya ratsa sabon tsinke da ganyen da ke kusa da shi, bayan sati ka dawo, idan layin ya rabu to tana tafiya, idan yana nan yadda yake ta yi barci, kuma mai barci ba a ɗura masa ruwa. Na koma ba su sau ɗaya a sati, da hantsi ba da yamma ba, don kada saiwa ta kwana cikin ruwa mai sanyi. Ƙura kuma ina watsa mata ruwa sama-sama ta sauka, ba na gogewa.

Jos ce abin kallo. Yaya ya turo hoto a ruɗe, ganyen ya koma ja-ja mai duhu kamar ruwan zoɓo, ya ce ta mutu ko? Na ce Yaya ba ta mutu ba, haka ƙananan suke yi idan sanyi ya kama su, ka ja tsinken tsakiya a hankali, idan ya riƙe gam to tana nan. Ya ja, ya riƙe. Dare a Jos wannan lokaci yana sauka ƙasa da digiri 10, wannan ba zai kashe ta ba, manya ma suna jure kusan digiri 3 ƙasa da sifili idan na ɗan lokaci ne. Matsalar Jos ba kisa ba ce, rashin isasshen zafi ne, da damina gajimare da sanyi, da hunturu sanyi, watannin da take samun zafin da take so ba su da yawa. Dankalin Turawa da kabeji su ke jin daɗin wannan yanayi, ita ba haka ba.

Fatakwal yanzu ne ta samu sauƙi, ruwa ya ɗaga, tudun Kawu ya yi aiki, sabon ganye ya fito da kyau. Sai dai baƙin tokar nan da ke sauka a garin tun wajen 2016 tana kwanciya a kan ganyen, farin duk ya dushe.

Ta Auta guda ɗaya ce ta rayu, tana bakin taga. Rana a Manchesta a Disamba ba ta kai awa 8, wadda ake samun ma rabi gajimare ne, ga hita na busar da ɗaki. Ganyen ya yi tsawo ya yi siriri ya koma kore, ba farin ko kaɗan, kuma ta ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa a bayan ganye. Na ce ta janye ta daga jikin hita, ta riƙa kai ta banɗaki tana wanke bayan ganyen da ruwa mai ɗumi. Ta ce “Yaya ni fa aiki nake zuwa, wannan ta fi jariri rigima.”

13 Afrilu, 2024

Azumin bana ba wanda zai manta da zafinsa, musamman goman ƙarshe, dare ma ba a barci. A cikin wannan zafin ne ta fi kowane lokaci gudu, layin biro cikin 'yan kwanaki ya rabu da kusan faɗin yatsa biyu. Amma fa da sharaɗin ruwa, yanzu kam tana sha, bokiti guda a zuba a hankali ya nutse can ƙasa, ba yayyafi kullum ba. Na yi wa ta ƙasa ɗan gurbi na zuba ɓawon gyaɗa don danshi ya daɗe, na bar tazara kada ya taɓa gindin saboda gara.

Akuyar maƙwabta ta shigo ranar sallah da aka bar ƙofa a buɗe, ta cinye ganyen ɗaya ta bar guntu. Tun da ba ta kai ga zuciyar ba za ta dawo.

An buɗe boda a watan jiya, taubashi ya zo gaida Hajiya, ya tsaya a kan nawa ya ƙare musu kallo ya ce ba laifi, ga masu koyo. Gaskiya dai a hoto tasa ta fi tawa fari, ƙasarsu jigawa ce zalla ga rana ba abin da ke kare ta, sai dai tawa ta fi yawan ganye don ta fi samun ruwa.

23 Yuni, 2024

Labari mara daɗi daga Jos. Yaya ya tashi mayar da babbar tasa ƙasa, ashe saiwa ta fita ta hudar bokiti ta kama ƙasa, yaran da suka taya shi suka ɗaga da ƙarfi ta tsinke, sannan suka kife bokitin suka zazzage ta. Cikin sati ganye biyu sun bushe.

Wannan shi ne babban aibin bishiyar nan, kuma duk inda ake shuka ta an san ta da shi, ba ta yafe taɓa saiwa. Kwakwa ko dabino sai ka tumɓuke ka kai wani wuri su kama, ita kuwa ko a Fulorida ta Amurka inda ake dasa manya-manya a bakin titi sai an yi watanni ana yanke saiwar kaɗan-kaɗan a gefe kafin a ɗaga ta, duk da haka wasu na mutuwa. Ga yadda na yi da tawa ta bokiti satin da ya wuce, na ɗauka a bidiyo na tura guruf. Na haƙa rami daidai zurfin bokitin, faɗi ya ninka. Na bar ƙasar bokitin ta ɗan sha iska don ta riƙe jikinta. Na kwantar da shi a bakin rami na yanke gindin da wuƙa mai zafi, na tallafe da tafin hannu na saukar da shi cikin ramin a tsaye, sannan na tsaga jikin robar daga sama har ƙasa gefe biyu na zare ta ɓari-ɓari. Saiwoyin farare ne masu kauri sun zagaye gindin, ko ɗaya ban warware ba. Na cike da ƙasar da na haƙo, ban binne wuyanta fiye da yadda yake ba, na zuba ruwa har ya daina kumfa. Bokiti ya tafi, amma ita ko ganye ɗaya ba ta sauke ba.

Na ce wa Yaya kada ya yanke ganyen da ke da sauran kore, kada ya sa taki, ya yi mata 'yar rumfa ya ƙyale ta.

8 Satumba, 2024

Daminar bana ta yi ɓarna, Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni a ƙarshen Agusta, gidaje sun zube an rasa rayuka, Allah ya jiƙansu ya mayar wa waɗanda suka yi asara. Su Gwaggo lafiya, katangar baya ce ta faɗi. Sai da aka kwana biyu na iya tambayar bishiya, ya ce ruwa ya rufe ta har wuya amma da aka ɗauke jigawa ta shanye, tana nan tsaye. Wato ambaliyar kwana ɗaya a yashi ba ta yi mata abin da danshin wata shida a laka ke yi ba.

Na faɗi haka ne don na Kawu. Ɗaya daga cikin biyun da ke kan tudu sabon ganyenta ya fito a yayyanke da huda, da ya duba gindin ya ga rami da ɗan gari-gari a baki, ya zura waya ya zaƙulo ƙaton buzuzu baƙi mai ƙaho. Shi ne mai cin zuciyar kwakwa da kwakwar manja a kudu, kuma a juji da ruɓaɓɓen itace yake ƙyanƙyasa, gwazarmar nan fara mai kauri da muke gani a tsohon taki 'ya'yan irinsu ne. Ashe akwai tulin kashin shanu a bayan gidan, da aka tona cike yake da su, kaji suka yi biki. Bayan kwanaki tsinken tsakiya ya zare da kansa, gindinsa ya yi baƙi yana wari. Masu wannan harka abin da suke yi shi ne su zuba ruwan wanke ciwo na kemis mai kumfar nan, haidirojin, a cikin ramin, su rufe kada ruwan sama ya shiga. Kawu ya yi, ya kifa mata rabin jarka. Ban sa rai sosai ba.

2 Nuwamba, 2024

Wutar da ta ɗauke a Arewa ƙarshen Oktoba ta tsayar da bohol, ruwan sha ma da ƙyar, ba wanda ya bi ta kan bishiya. Ba ta nuna ta san an yi ba. Kuma a cikin kwanakin ne ta ƙasa ta buɗe ganyenta na farko mai yatsu, ba dogo guda ba, ya tsage ya baje. Yanzu ne maƙwabta suka fara tsayawa suna tambaya.

Ta Kawu mai ramin ta mutu. Ɗayar tana lafiya.

19 Janairu, 2025

Tsofaffin ganyen tawa sun fara ɗigo-ɗigo ruwan lemo, bakin yana bushewa, sababbin kuma lafiya ƙalau. Idan abu ya fara daga tsohon ganye haka galibi ƙarancin sinadarin fotash ne, bishiyar na janye shi daga tsoho ta kai wa sabo, shi ya sa yanke ganyen ba magani ba ne, ƙara mata yunwa ne. Taubashi ya ce in zuba yuriya, na ce a'a, yuriya ganye take turawa, sai ta ƙara buƙatar abin da babu. Tokar murhu nake barbaɗawa kaɗan nesa da gindi, idan zafi ya dawo in sa ɗan NPK a zagaye daidai inda inuwar ganye ta tsaya.

Ta Yaya bayan wata shida tana fushi ta turo sabon tsinke, gajere, amma ya buɗe. Ya zagaye ta da duwatsu baƙaƙe don su riƙe zafin rana su sake shi da dare, wannan dabararsa ce ba tawa ba, kuma da alama tana aiki don bana jan bai kai na bara ba.

Auta ta fitar da tata waje lokacin zafinsu, daga Yuni zuwa Satumba, sabon ganyen da ya fito a waje ya ɗan yi fari, da aka koma ɗaki aka koma gidan jiya. Ta sayi fitilar shuke-shuke. Na gaya mata gaskiya, a can ba za ta taɓa zama bishiyar tsakar gida ba, sanyi da danshi tare shi ne abin da ta fi tsana, iyakarta tukunya, kuma wata rana za ta fi ƙarfin falo. Da ta tambaye ni tun farko wace za ta saya don ɗaki da na ce Kentiya, wata dangin kwakwa, ita ma 'yar tsibiri ce, daga wani ɗan tsibiri na Ostareliya, amma ta saba da inuwa, tun zamanin da Turawa ke ajiye ta a falo. Ta ce ba komai, ita dai ta ga abin da ya yi kama da gida.

20 Yuli, 2025

Inda ake yanzu. Ta Kano da aka binne kai tsaye ita ce gaba, ta kai min ƙirji, ganyen ya fi faifai faɗi sosai, ba ta fara kututture ba tukuna, gindin ne ke ta kumbura. Ta Maraɗi na biye, gajera amma fara tas. Ta Kawu tsayi ba laifi sai dai kore ya fi yawa kuma kullum cikin tsaron ƙwaro ake, ya ce duk Juma'a yake duba gindinta. Jos na baya. Manchesta na raye.

Yanzu matsalar da ke gabana ta fili ce. Babbarta faɗin kanta yana kai mita 6, tsayi kuma ya haura mita 12, ta ƙasan dama na ba ta tsakiyar fili, amma akwai sauran na bokiti da ba su da wurin zuwa, kuma kowane wata da suka ƙara a bokiti dashen na ƙara wuya. Hajiya ta zo ta zagaya ta dube su ta ce “to Allah ya sa ba halin 'yar'uwarta za ta ɗauko ba, giginya na nesa ka sha inuwarki.” Na ce Hajiya ai kafin ta yi wannan tsayin mun sha tamu, shekarun farko ganyen a ƙasa-ƙasa yake.

Mutane biyu a unguwa sun ce in ajiye musu iri idan ta yi 'ya'ya. Na ce su yi haƙuri, mace da namiji daban suke kamar dabino, kuma ba a gane wace ce wace sai ta yi fure, wannan kuwa sai an shekara da yawa. Shi ya sa ba na so in rage ɗaya tal a unguwar. Na yi magana da kwamitin masallacinmu, akwai fili ta gabas nesa da katanga da wayar wuta, sun amince a sa biyu a can, ɗaya kuma za ta tafi gonar abokina a hanyar Gwarzo inda ba mai ba ta ruwa da rani, a ga ko za ta iya da ruwan sama kaɗai. Ramukan masallaci an haƙa jiya, saura a samo tsofaffin tayoyi da waya don awaki. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za a yanka bokitan, kafin ruwan Agusta ya yi ƙarfi ƙasa ta yi caɓi.